Rigatar Yawuri: Bikin Mutanen Gungu Bayan Ruwa Ya Ci Gungun

Bakano in zai ambaci ƙasar da ruwa ya yi wa ƙawanya, tsibiri zai ce. Mutumin Yawuri gungu yake cewa, kuma daga nan sunan Gungawa ya fito, wato mutanen gungu. Ba su suka raɗa wa kansu sunan ba. A bakinsu su Bareshe ne, harshensu kuwa Tsureshe. Hausawan da suka iso bakin kogin Kwara ne suka hango su can tsakiyar ruwa, suka kira su da sunan mazauninsu, sunan kuma ya bi su. Har gobe da shi ake kiransu, alhali da yawa daga cikin gungunan da suka jawo musu shi suna kwance a ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968.

Duk mai son ya gane bikin Rigata da ake yi a Yelwan Yawuri, daga nan ya kamata ya soma. In ba haka ba zai ga tseren jirage, ya sha kiɗa, ya ɗauki hoto da waya, ya koma gida yana zaton ya ga tsohuwar al'ada da ta iso yau ba ko ƙwarzane. Al'adar tana nan da ranta, amma ƙasar da ta haife ta ruwa ya ci.

Bikin dai abin kallo ne, wannan ba a gardama. Jama'a ta cika gaɓa maƙil, yara sun ɗare bishiyoyi, masu tallar soyayyen kifi da rake suna ratsa taro, ga rumfar manya an jera kujeru. A kan ruwa kuma dogayen jirage, kowanne da mazaje a jere hagu da dama, filafili a hannu, ana jiran a ba da alama. Abin da mai kallo daga tudu ba ya cika lura da shi ba shi ne, wannan tsere ba na ƙwanji kaɗai ba ne, na kunne ne. In filafilin mutum guda ya riga na 'yan'uwansa shiga ruwa da ƙiftawar ido, hancin jirgi zai karkace, na baya ya shiga kokawar miƙe shi, kafin a farga an bar su a baya. Shi ya sa jirgin da ke cin tsere sau da yawa ba shi ne mai ƙartin maza ba, shi ne wanda mutanensa suka taso tare, suka san numfashin juna. Irin wannan ba a koyon sa a mako biyu na shirin biki. A hanyar gona ake koyon sa, da hanyar kasuwa, da daren da aka ɗauko mai naƙuda za a ƙetare da ita.

Abin da masarauta da dattawan ƙasar ke faɗa game da asalin bikin shi ne, mazajen gungu kan fita cikin jirage da masu da sauran makamai su yi arangama da dorina da kada, domin kare gonaki da mashigai, wannan fita kuma ita ce horonsu na yaƙin ruwa. Da Turawa suka zo sai abin ya rikiɗe ya zama wasan da ake nuna wa babban baƙo in ya sauka a gari. Sunan ma bai ɓoye kansa ba, kalmar Turawa ce ta tseren jirage aka hausantar. Ke nan Rigata 'yar gida biyu ce: uwarta farautar mutanen ruwa, ubanta tarbar manya. Duk wata muhawara da ake yi a kanta yau, in ka bi ta a hankali, kan wa zai riƙe 'yar take.

Kuskuren farko da baƙo ke yi shi ne ya ɗauka Bagunge masunci ne. Yana su, ba shakka, wa zai kwana a tsakiyar kogi ya ƙi cin kifi? Amma asalinsa manomi ne, manomi kuwa na ji da gani. Su a matsayin sana'ar gado ta Sarkawa ce, waɗanda suka gangaro daga ƙasar Kabi suna bin ruwa. Bagunge gero da dawa yake yi da damina, da rani kuma albasa, kuma albasar Yawuri ta yi suna tun kafin a san injin ban-ruwa a ƙasar nan.

Sirrin abin yana cikin ɗabi'ar kogin. Kwara sau biyu take cika a shekara. Akwai farin ruwa, na daminar nan kusa, wanda ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba, jawur da laka, yana tafe da itace da yayi. Sannan akwai baƙin ruwa. Shi wannan ruwan sama ne da ya zuba can a tsaunukan Gini, ya gangaro ya bazu cikin manyan fadamun Mali da ke gabanin Tumbutu, ya yi watanni yana jan ciki a cikin ciyayi har ya zubar da lakarsa, sa'an nan ya biyo ta Gawo da Yamai ya iso Najeriya wajen Disamba zuwa Fabrairu, garau da shi. Ma'ana, a daidai lokacin da kogunan Kano da Katsina suka koma rairayi, yara na buga ƙwallo a cikinsu, kogi a Yawuri cike yake. Farin ruwa ya bar taki a gaɓa, baƙin ruwa ya kawo ban-ruwa har bakin fage, ga sanyin hunturu da albasa ke so. Mutumin gungu kuwa duk inda ya juya gaɓa ce. Da ƙwarya ko jigo zai shayar da fagensa, ba sisin mai.

Ga kuma fito. Yawuri tana kan tsohuwar hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, kuma ayari komai girmansa, in ya iso bakin Kwara sai ya sauke kaya ya jira mai jirgi. Ga tsaro: mahayin doki ba ya kai hari tsakiyar kogi. Sarakunan Yawuri da kansu sun san haka, don a rikicin sarauta na ƙarni na 19 har gungun Ikum aka koma da zama, kafin daga bisani Yelwa ta zama mazaunin sarki a ƙarshen ƙarnin. 'Yan'uwan nan Richard da John Lander, da suka iso Yawuri a 1830 suna cigiyar takardun Mungo Park wanda ruwa ya ci a Busa a 1806, sun ratsa ta tsakanin gungunan nan suna cike da mutane. Wato gungu ba wurin da aka kora marar galihu ba ne. Zaɓaɓɓen wuri ne, mai abinci, mai kuɗin shiga, mai ganuwar da ba a yi wa yaɓe.

Sai aka zo gina dam. An soma aikin Kainji a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, aka datse ruwa a 1968, tafki ya miƙe sama da kilomita 130 har ya taɓo ƙasar Yawuri. Tsohon garin Busa ya nutse, babban gungun Foge ya nutse, ƙananan gunguna bila adadin suka bi. Kimanin mutum 44,000 aka tayar. A yi wa hukumar lokacin adalci, ba ta watsar da su ba. Ta gina sababbin ƙauyuka sama da ɗari, da bulon siminti da rufin asbestos mai lanƙwasa, wanda har yau in kana bin hanyar za ka riƙa hango su. Mutane suka shiga, suka ga ɗakin da rana tanderu ne, da hunturu kuma randa, sai da yawa suka kafa ɗakunan ƙasa da rumbuna a gefe.

Amma matsalar ba ta ɗaki ba ce. Ma'aikacin ƙidaya yana iya lissafa ɗakunanka ya biya ka ɗaki da ɗaki. Gaɓa fa? Ƙauyen da ke kan tudu gefe ɗaya kawai yake kallon ruwa, in ma yana kallo. Sannan tafki ba kogi ba ne: cikarsa da janyewarsa yanzu suna bin buƙatar injinan lantarki, kuma a shekara yakan sauka da kusan mita goma. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, saukar mita goma na nufin bakin ruwa ya gudu ya bar ka da tafiya mai nisa. Jigo ba ya kai wa nan. Wanda jiya yake ɗiban ruwa daga inda yake tsaye, yau sai da inji da tiyo da galan na fetur. Ku riƙe wannan galan ɗin, za mu sake haɗuwa da shi.

Da farko kifi ya rufe wa mutane ido. Ciyayi da gonakin da ruwa ya shanye suka zama abinci, falia da karfasa suka yi ambaliya, a farkon shekarun 1970 abin da ake kamawa a shekara ya haura tan 20,000. Labari ya bazu, masunta suka yi ta kwararowa daga Kabi da Nufe da Nijar da Mali; gurar nan, wato tarkon kifin da ake ce wa mali, sunanta ma ya faɗi inda ta fito. Kafin shekarun su ƙare kamun ya faɗi warwas. Daga baya ya farfaɗo, sai kuma aka shigo da dala, ƙatuwar koma mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa, wadda ba ta barin uwa ba ta barin 'ya'ya. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus ya zauna da sarakuna da sarakunan ruwa har aka haramta ta. Doka ta hana, amma kowa a bakin tafkin ya san hani daban, bari daban. Kifi na ganinka, mai jar koma.

A nan ne kwatanci da Argungu ke da amfani, ba don a ce wane ya fi wane ba. Bikin Argungu yadda aka san shi yau ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Shi ma dai tarbar baƙo ce. Amma a ƙarƙashinsa akwai abin da ya girme shi, wato gyaran ruwa da fashin ruwa. Ana rufe kogin Matan Fada, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe. Giwan ruwan da ake ɗagawa a gaban kyamara, mai nauyin babban mutum, ba sa'a ce ta kawo ta ba, haƙurin shekara ne. Bikin ruwa a asalinsa doka ce da aka sanya wa kiɗa: yau an buɗe, jiya an hana, kuma akwai mutumin da in ya ce an hana, an hanu. Hukumar UNESCO ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, aka yi ta murna, amma ni abin da ya fi burge ni shi ne har yanzu akwai yankin ruwan da ake jin maganar Sarkin Ruwa a kansa. A Kainji wa zai rufe tafki mai faɗin murabba'in kilomita sama da 1,200, wanda ya ratsa jihohi biyu, Kebbi da Neja, da masarautu fiye da ɗaya, masuntansa kuma da yawa baƙi ne da ba su haɗa kaka da sarkin ruwan garin ba? Rigata ta gaji tseren, ba ta gaji ikon ba.

To sai kiɗa, wanda a wurina shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta kowace sana'a da makaɗanta. Mahauci na da kalangu, manomi na da gangar noma, ɗan kokawa da ɗan dambe kowa da nasa, mutanen ruwa ma haka. Aikin makaɗi ba nishaɗi kaɗai ba ne, shi ne ma'ajiyar suna. In ya buga taken wani gida, ya jero kirarin kakan da ya taɓa tsayawa gaban dorina, yaron da ke riƙe da filafili ya san ba don kofi yake tuƙi ba. Tsigar jikinsa ce ke tashi. Saboda haka in kana son sanin mai biki, kada ka duba takardar gayyata, saurari sunan da ake kira.

A filin biki na zamani sauti hawa uku ne. Akwai kakaki da algaita da tambura, na sarki, waɗannan da wurinsu tun fil azal. Akwai ganga da waƙar mutanen ƙauyuka, can bakin ruwa. Sannan akwai lasifika. Ita lasifika ba ta da kunya: na'urar da ke gaban rumfa, da janareta a bayanta, tana iya haɗiye gangar mutum hamsin. Abin da ke fita daga cikinta kuwa yawanci waƙar situdiyo ce ta fiyano, mai jero sunayen masu mulki da masu neman mulki, sai sanƙira yana katsewa da sanar da isowar wane da wane. Ƙungiyoyin rawar gargajiya, na Gungawa da Kambari da Dukawa da sauransu, akan kira su bi da bi su gitta ta gaban rumfa, kowa 'yan mintoci, a yi musu liƙi, su wuce. Waƙar da a gida takan ɗauki dare guda, mai amshi da habaici da tarihin dangi, an yanke ta daidai tsawon haƙurin babban baƙo.

Ban ga laifin makaɗi ba. Makaɗi inda hatsi yake nan yake bi, tun zamanin kakanni haka abin yake, kuma in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Da, mai albasa da mai jirgin fito su ne masu kyauta. Yau mai kyauta yana zaune a rumfa da babbar riga. Abin da ke damuna shi ne harshen da ake waƙar da shi. Masana harsuna sun sa Tsureshe cikin wani rukuni da suka raɗa wa suna harsunan Kainji, kun ji ikon Allah, sunan wurin da ya cinye gungun shi aka ba dangin harshen. A kan gungu yaro ba shi da abokin magana sai ɗan'uwansa, harshe na zaune lafiya. A kan tudu kuwa kasuwa Hausa, makaranta Hausa da Turanci, wa'azi Hausa, rediyo Hausa, zance wurin budurwa ma Hausa. Wani Ba'amurke mai nazarin al'umma, Frank Salamone, da ya zauna a Yawuri a farkon shekarun 1970, ya rubuta yadda Gungawa ke komawa Yawurawa idan sun musulunta sun shigo gari, da yadda kokawarsu ta zama alamar da suke bambanta kansu da ita. Ba dam ne ya fara wannan sauyi ba, ya daɗe yana gudana, da yawan Yawurawan yau jinin gungu ne. Dam dai ya cire masa birki. Maƙwabtansu Lopawa da Larawa da Shangawa suna kan wannan hanya, wasu ma sun yi nisa.

Mu masu magana da Hausa ba mu cika son jin wannan ba. Mun saba kukan Turanci na danne mana harshe, ba mu saba ganin kanmu a matsayin babban kifin da ke haɗiye ƙanana ba. Amma a Yawuri haka abin yake, ba da mugunta ba, ba da doka ba, da ciniki da aure da zumunci kawai. Kuma ba na cikin masu son a mai da mutane kayan tarihi. Wanda ya musulunta ya bar yanka wa ruwa baƙin bunsuru, ya bari ne don imaninsa, ba mai ikon ce masa ya koma don baƙi su sami abin ɗauka a hoto. Abin da za a iya yi, kuma ba shi da tsada, shi ne a bar masu waƙar su kai ƙarshenta, a naɗe ta da harshenta, a ajiye. Abin mamaki, yaran da ake zargi da lalacewa a kan waya su ne suka fara wannan aiki ba wanda ya sa su. Bidiyon kokawar ƙauye ko na rawar biki da ke yawo a WhatsApp da TikTok ya fi duk wani jawabin bunƙasa al'adu amfani, ko da hoton na rawa, sautin na shaƙewa.

Yanzu mu sauko daga rumfa mu je mashigi ranar kasuwa, don jirgin biki da jirgin kasuwa ruwa ɗaya suke bi. Dogon jirgin katako ne mai inji a gindi. Ana fara loda buhuna a ƙasa, a jera babura a tsakiya, a ɗaure awaki, sa'an nan mutane su hau kan kayan, mata da goyo a tsakiya, samari a baki-baki. Yaron jirgi na tsugune da ƙoƙo ko yankakken galan yana kwarfar ruwan da ke tsatsowa ta haɗin katako, tun ba a tashi ba. Ka miƙa hannu daga inda kake zaune, yatsunka za su taɓa kogi. Mai jirgi ya san an yi lodi fiye da kima, ba jahili ba ne, a ruwan aka haife shi. Lissafi yake yi: kuɗin mai na zuwa da dawowa, kuɗin ƙungiya, rabon mai inji. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 lissafin ya ƙara tsauri, ga mai jirgi da mai ban-ruwan albasa baki ɗaya. Galan ɗin nan ne dai.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zuwa Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski ya tsage a tsakiyar ruwa. Mutanen ciki sun haura 150, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce kimanin ashirin ba, aka yi kwanaki ana tsamo gawa. Rahotanni sun ce har da buhunan ƙasar da aka haƙo daga ramukan zinariya a cikin lodin. Ba a gama zaman makoki ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan sai a 2023 suka ga gida. Mako uku ne tsakanin masifun biyu, kuma ba rasa nasaba suka yi ba. In hanyar tudu ta zama abin tsoro, ko ta lalace, jama'a ruwa suke komawa, jirgi ɗaya ya ɗauki kayan mota biyar. Dajin da ke kewaye da tafkin, har da gandun Kainji, ya zama maɓoyar masu bindiga. Zinariya kuma ta ja samari daga gona da jirgi zuwa rami.

Ruwan ma ba wanda kakanni suka sani ba ne. Tsohon matuƙi ya haddace kogi kamar tafin hannunsa, ya san inda dutse yake, ya san inda igiya ke juyawa. Tafki kuwa fili ne, iska na samun wurin gudu ta tayar da igiyar da jirgin kogi bai san irinta ba. A ƙarƙashi kuma ga kututturan itatuwan da aka nutsar da su a tsaye tun 1968, in ruwa ya ja baya suna nan dab da sama kamar masu, jirgi mai gudu da dare ba ya ganin su. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima, ta wajabta rigar kariya. Hukumar HYPPADEC, da aka kafa domin yankunan da ke samar da lantarki ta ruwa, tana rabon riguna tana sare kututture. Ana yi, ba a ce ba a yi ba. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma rabon riga na yawan zuwa ne bayan an yi jana'iza. Wani abin takaicin, wutar Kainji takan bi waya ta Birnin Kebbi har Yamai, sai da aka yanke ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023 mutane da yawa suka san haka, amma akwai ƙauyukan da aka tayar domin dam ɗin da har yau fitilar waya suke haskawa.

Masu kare yadda ake bikin yanzu suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa ba don masarauta ƙarƙashin Sarkin Yawuri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi da gwamnatin jiha sun sa hannu ba, da Rigata ta zama labari. Gaskiya ne. Argungu ma ta yi shekara kusan goma ba biki kafin a dawo da shi a 2020. Suna cewa ƙasar da sunanta ya shiga labaran duniya ta hanyar satar ɗalibai tana da haƙƙin ta nuna wata fuskar, mai otal da mai tuwo da ɗan acaɓa su samu, yaron gungu ya ga an tafa wa ubansa a gaban gwamna. Wannan ma gaskiya ne, kuma wanda bai taɓa zama a garin da aka daina zuwa ba ba zai san daɗin ganin baƙi ba. Inda na rabu da su shi ne wurin da suke ɗaukar bikin a matsayin shaidar cewa al'adar ruwa na nan lafiya. Kuɗi na iya sayen rumfa, ya sayi fenti a shafa wa jirage, ya ɗinka wa matuƙa riguna iri ɗaya. Ba ya sayen mutum ashirin masu numfashi ɗaya. Waɗannan sai ƙauyen da har yanzu yara ke tashi da filafili a hannu, kuma ƙauye ba ya riƙe yaransa sai in albasa na biyan kuɗin mai, kifi na girma kafin a kama shi, uwa kuma na iya shiga jirgin kasuwa ba tare da ta yi sallama irin ta barin duniya ba. Can sama kuma Nijar na gina dam ɗin Kandaji a yankin Tilaberi, a kan hanyar da baƙin ruwa ke biyowa. Ranar da aka datse shi, lissafin rani a Yawuri zai sake sauyawa, ban kuma ji ana wannan zance a rumfa ba.

A ƙarshen daminar 2024 wata dorina ta addabi Yawuri. Ta kashe wani dattijo mai gadin gona a bakin kogi, manoman shinkafa da masunta suka kasa fita. Ita ma dai tana da nata ƙorafin in da za a saurara, don gaɓar da take kiwo da dare ta zama shinkafa tun daga nan har inda ido ya tsaya, masu kare namun daji kuma sun yi tir da abin da ya biyo baya. Aka ba da izini, masunta da manoma suka shiga jirage da masu, suka yi makonni suna bin ta. Ba lasifika, ba babban baƙo, ba riguna iri ɗaya. A watan Oktoba suka kashe ta, aka jawo ta gaɓa, gari ya fito kallo, aka feɗe aka raba naman unguwa-unguwa.